Ruwan Jumma'a a Gonar Malam Sule

Ishaku, autana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kun tashi lafiya, kai da yayarka da maigidanta da yaran. Allah ya tsare ku a Kanon nan, ya tsare motar da za ka shiga ran Asabar, ya sauke ka Legas lafiya, ya sa wa aikin da ka samu albarka. Amin.

To na gama gaisuwa. Gyara zama.

Sau bakwai na kira ka tun jiya. Yayarka ta ce wai kana wanka. Wane irin wanka ne tun safe har la'asar, kai kifi ne? Shi ya sa na zauna ina danna wayar nan da yatsa ɗaya, ni da na tsaya a aji huɗu. In ka ga kuskure ka haɗiye shi, ba jarrabawa nake yi ba.

Ka san abin da ka yi, amma bari in faɗa maka don kada ka ce ban sani ba. Ran Jumma'ar da ta wuce ka je ban ruwa, ka fara da gonarmu, ruwa ya janye kafin ka gama ta Malam Sule, sabon dashen tumatirinsa rabi bai sha ba. Da ya dawo daga masallaci ya ce maka, "Ishaku, ai Dikon ba haka yake yi ba." Babanku yake nufi, dikon na majami'armu, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kai kuma a gaban mutane ka buɗe baki ka ce kai ba Dikon ba ne, kuma kai ba bawan kowa ba ne. Tsoho mai furfura har gira! Ran Litinin ka ɗauki jakarka ka wuce ta ƙofar gidansa ko leƙa zauren ba ka yi ba.

Abu ɗaya nake so. Jibi Jumma'a ka shigo mota ka dawo gida, ka ba da ruwan nan na ƙarshe, ka durƙusa ka yi wa mutumin nan sallama. Kano zuwa Kura ba Urushalima ba ce, ko awa ɗaya ba a yi. Ka koma da yamma, ka shiga motarka ran Asabar.

Ba wa'azi zan yi maka ba, ni ba fasto ba ce. Nawa laifin zan zayyana maka, don ka san inda ka gado halin.

Kai ka tashi ka tarar da abin ne, ba ka san yadda aka fara ba. Gonarmu da ta Malam Sule su ne na ƙarshe a layinmu, can wutsiyar kanal. Da manoma suka zauna suka raba ranaku, layinmu ya samu Jumma'a da Lahadi. Ran Jumma'a ruwa ba ya isowa wutsiya sai rana ta take, daidai lokacin da kowa ya yi wanka ya nufi masallaci. Ran Lahadi kuma da safe yake zuwa, lokacin da Babanku yake tsaye a bakin majami'a yana nuna wa mutane wurin zama. Kowannensu rana ɗaya tana tserewa daga hannunsa. Sai suka tsaya a kan iyaka suka yi magana su biyu, ba takarda, ba shaida. Jumma'a Babanku ya shayar da gonakin biyu, Lahadi Malam ya shayar. Kuma ka'idar ita ce kowa ya fara da gonar ɗan'uwansa, tasa ta zo daga baya. In ruwa ya gaza, ya gaza a kan mai riƙe da tiyo.

Ni wannan ka'idar ce ta tsaya min a wuya tun ina amarya. Na ce wa Babanku, "Wai kai wane irin mutum ne? Ruwa a hannunka, ba mai ganinka, ka je ka cika gonar wani taka tana kallo?"

Ya ce, "Ai shi ya sa, don ba mai ganina."

Ka ji irin amsar Babanku. Mutum ya yi ta zuba, shi ya jefo kalma huɗu ya ci gaba da cin tuwonsa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata Jumma'a, yayarka tana goye, aka kira dattawan ikilisiya taro a wani gari. Babanku ya miƙa min tiyo da fartanya ya ce, "Ki fara da ta Malam." Na ce to. Na iya aikin, shi ya koya min: ka nutsa tiyon cikin kanal, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka fizgo shi kan gaɓa ruwa ya biyo, fangali ya cika ka toshe ka buɗe na gaba. Da na isa na dubi albasarmu ta yi laushi, na dubi ta Malam, na ce a raina bari in ɗan jiƙa tamu tukuna, ai ruwan da yawa. Ɗan jiƙawar nan ita ta kai ni har ƙarshen gona. Ina juyowa kan ta Malam, tiyo ya fara shan iska. Na fizga, na fizga, ba komai sai laka. Zafin shekarar kuwa ba a magana. Kafin Lahadi irin albasar da Malam ya yafa ya ƙone ƙurmus.

Me na yi? Na ɓoye. Na ce wa Babanku ruwan ne bai zo sosai ba. Ya je ya duba, ya ga tamu shar. Ya ɗauki kwando ya cire irinmu, wanda muka yi wata guda muna reno, ya kai wa Malam ya ce shi ya yi ban ruwan, shi ne mai laifi. Shekarar nan rabin gonarmu haka ta zauna fili. Ni kuma na yi ta kumbure-kumbure wai ya yi kyauta da abincin 'ya'yana, alhali ni na jawo.

Sai bayan shekara goma, a bikin 'yar Malam, ina rabon waina, Malam ya ce min yana dariya, "Maman yara, ashe Dikon ƙaramar ƙafa gare shi? Sawun da na gani a gonar nan ran da albasa ta ƙone, ko takalmin yarinya zai shige shi." Ishaku, na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe tun ranar ya sani. Shekara goma yana gaishe ni, yana aiko min da rake, bai taɓa nuna min a fuska ba.

To ka gani, abin da ka yi ran Jumma'a a nono ka sha. Ba na ce kai mugu ba ne, na san ka ga tumatirinmu ya langaɓe ne ka ji tausayinsa. Amma ni da na yi nawa ban ƙara da rashin kunya ba, ɓoyewa na yi, kuma ɓoyewar ma ba ta amfane ni da komai ba. Can inda za ka, za su ba ka aikin wani a hannunka, gidan mutum za ka shiga ka ɗaura masa wutar sola ba ya nan. Ka yi nasa kafin naka. In ka ɓata, ka faɗa da bakinka a ranar, kafin a gano sawunka. Kunyar yini ɗaya ta fi ta shekara goma sauƙi, ni na ɗanɗana.

Maganar "ba bawan kowa ba" kuwa, da aka kawo min ita na zauna na yi tagumi, don na san muryar. Tawa ce. Ni na saba faɗa a gabanku kuna cin abinci.

Ka san yadda Babanku yake da majami'ar nan. Tun ran Asabar ya tafi shara, kamar ba matasa a garin. Benci ya karye, shi. Kwanon rufi ya ɗaga, shi ne a sama da guduma. Kofunan jibin Ubangiji ba ya yarda kowa ya wanke, wai ba a cuɗa gindin. Makullin majami'a a mazagin wandonsa yake ɗaure, ko gona za shi kana jin kacau-kacau. Ran Lahadi ya goge kwat ɗin nan tasa guda ɗaya da dutsen guga na gawayi, ya je ya buga ƙarfen tayar da muke kira ƙararrawa, ya tsaya a baya da dogon karan dawa yana taɓa kunnen masu gyangyaɗi. Har ni ya taɓa taɓawa! Matarsa, a gaban zumuntar mata! Kwana uku ban sa masa man shanu a miya ba. Sanarwa kuwa in ya tashi karantawa, i'ina ta kama shi, yara su yi ta ƙunshe dariya, amma bai taɓa cewa a ba wani ba.

Kuma ba majami'a kaɗai ba. Mace ta fara naƙuda, a zo a buga mana ƙofa, Dikon ya kawo babur. Mata da miji sun yi faɗa, Dikon. An yi rasuwa, shi ne da shebur. Ni kuma madafina yana yoyo damina biyu, ina turara shinkafa ruwa yana ɗiga min a ƙeya. Sai in ce, "Ga shi nan, bawan gari ya dawo. Kowa ya aike shi ya tafi, mu ne dai ba mu da rabo." Kuna zaune kuna ji. Kai har dariya kake yi kana maimaitawa.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne, itacen da nake turara shinkafar shi yake saro shi. Buhunan shi yake kai su inji a bayan babur ya dawo da su. Bai taɓa cin abinci shi kaɗai a zaure kamar sauran maza ba, sai ya tara ku a kwano ɗaya yana tura muku naman da yatsa. Da na kwanta wata biyu bayan haihuwarka, shi ya yi ta tuƙa tuwo, duk gudaji, yayarka tana kuka tana ci, maza suna yi masa tsiya a bakin kanal yana dariya. Madafin ma ya gyara daga baya. Waɗannan duk ban tsaya a gabanku na lissafa ba, yoyon kawai na yi ta nanatawa. Na koya maka raina abin da ya kamata ka yi alfahari da shi, yanzu ga shi ka kai wa tsoho a bainar jama'a.

Don haka ka kula da bakinka a kan mai hidima. In ka sami ikilisiya a can, kuma lalle ka nema tun Lahadin farko, ban da zaman benci na baya kana latsa waya, za ka ga wani tsoho yana jera kujeru ba wanda ya san sunansa. Ka kama masa. In Allah ya ba ka mata, Rahila ce ko wata, tunda ka ƙi faɗa min gaskiya, kada ku yi ƙorafin juna a gaban yara. Yaro ba ya mantuwa, ajiya yake yi.

Af, maganin gyambon cikinka ka bar shi a kan taga. Haka za ka tafi Legas inda komai barkono ne? Ka ga wani dalilin dawowa ke nan.

Yanzu saura wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko yayarka.

Ran da Babanku ya faɗi, kai kana makaranta. Kun san Jumma'a ce, kun san a gona ne. Ba ku san yadda ya fita daga gida ba. Da safen mun yi cacar baki, ni dai na yi, shi yana ji. A kan me? A kan ya yi wa wata gwauruwa alkawarin kai ta asibiti da yamma, ni kuma ina so ya kai ni Bunkure gaisuwar rasuwa. Abin da ko a bakin zani ba za a ƙulla ba. Kwana biyu yana cewa kansa yana sara, na ce ya bar ruwan yau, Malam zai gane. Ya ce, "Malam ya riga ya sa rigar masallaci." Ya saɓa tiyo a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To, na tafi."

Na ji shi sarai. Ina tankaɗe, na juya masa baya.

Ya sake cewa, "Maman yara, na tafi."

Na ƙara buga rariya da ƙarfi don ya san na ji kuma ba zan amsa ba. Ya ɗan tsaya, sannan na ji kacau-kacau ɗin makulli yana nisa.

Malam Sule ne ya same shi bayan an sauko daga masallaci, kwance a kan gaɓa, ruwa yana ta malala. Gonar Malam ta sha tas, tamu ya fara ke nan. Mutumin nan da fararen kayansa na Jumma'a ya shiga laka ya ciccibe shi, ya goyo shi har bakin titi ya tsayar da a-daidaita. Kwana biyu muka yi a asibiti, idonsa biyu amma bakin ya tafi. Na yi ta cewa, "A dawo lafiya, a dawo lafiya," kamar mahaukaciya, nas tana kallona. Ban sani ba ko ya ji. Shekara huɗu ke nan, kullum na ɗauki rariya sai na tuna.

Har yanzu ina jin haushinsa, kada ka ɗauka na daina. Mutum kansa yana ciwo ya tafi tsakar rana ban ruwa! Da yana nan da na faɗa masa. Amma haushin kaina ya fi. Kalma uku ce fa, Ishaku, a dawo lafiya. Na riƙe ta don in nuna ni ma wata ce.

Ran jana'iza Malam bai shiga majami'a ba, kuma ba wanda ya sa ran zai shiga. A gindin darbejiya ya tsaya cikin rana har aka gama sujada. Amma kabarin da kuka tarar a haƙe, shi da 'ya'yansa suka fara sara tun kafin mutanenmu su iso. Bayan kwana bakwai ya zo ya zauna a ƙofar gida ya ce min, "Lahadi tana nan yadda take. Jumma'a kuma kada ki damu, zan san yadda zan yi." Kai ne ka fito daga ɗaki, ba wanda ya sa ka, ka ce, "Baba Malam, ni zan riƙa yi." Ranar na ce ashe dai ban lalata yaron nan duka ba.

Shekara huɗu kana yi, ban hana maka yabonka ba. Na san ka gaji. Na san abokanka suna maka dariya, mai difloma da laka har gwiwa. Na san kuma abin da ya ƙona ka, a ce kullum ana auna ka da Babanka. Ni ma an auna ni da shi shekara talatin, kullum ina gazawa, ka ga na mutu? Ba wanda ya ce ka zama Dikon. Shi ma Malam ba zaginka ya yi ba, kewar abokinsa ce ta fito ta bakinsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, uba ne.

Kuma ka sani, ran Lahadin nan, bayan duk abin da ka faɗa masa, muna cikin sujada tsohon nan ya ja ƙafarsa ya je ya ba da ruwa. Da tamu ya fara. Na bi ta can bayan an tashi na gani da idona, tamu ta sha har ta ƙoshi, nasa dashen da ka bari da ƙishi shi ya samu saura.

Ba cewa nake ka fasa tafiya ba, kada ka juya min magana, na san ka. Ka tafi, Allah ya sa ka fi haka. Maganar wanda zai karɓi Jumma'a kuma na gama ta, kawunka Bitrus ya yarda. Amma ba a yin haka ta saƙo. Kai za ka kai shi gonar, ka nuna masa inda gaɓar take zubewa da fangalin da ba ya cika da wuri, ka miƙa masa tiyon a gaban Malam, Malam ya san wanda zai bar wa gonarsa ya tafi salla hankali kwance. Kawun naka ma ya ce shi ba zai shiga gonar mutum da rigima a kwance ba. In ba ka zo ba, abin da mutum biyu suka riƙe tun kafin a haife ka ya mutu a hannunka, a kan magana ɗaya ta ɓacin rai. Kuma Malam ya tsufa. Kai kana ganin Kirsimeti kusa ce, za ka dawo ka gyara. Ni ma na ɗauka yamma kusa ce.

In ka tashi zuwa, ka fito da wuri, ka san motocin nan sai sun cika suke tashi. Ka sauka ka fara zuwa gida ka ci abinci, kada ka je min gona da yunwa ka zo kana riƙe ciki. Ban da wandon nan mai yagaggen gwiwa. In ka je gabansa ka cire hular, ka durƙusa sosai, ba irin rusunawar da kuke yi kamar mai ɗaukar allura ba. Ba sai ka yi dogon bayani ba, "Baba, na yi kuskure, ka yafe min, zan yi tafiya, ka sa min albarka." Shi ke nan. In bakinka ya yi nauyi ka tuna da uwarka da rariyarta.

Saura laifi ɗaya, shi kuma sabo ne, na yau da safe.

Malam ya zo gaishe ni, da sandarsa, ya zauna a kan dakali. Muka gaisa, sannan ya ce, "Na ji an ce ɗan nawa ya wuce Kano. Ko na yi masa magana da zafi ne? In haka ne ki ba shi haƙuri, tsufa ne." Shi ne fa yake ba da haƙuri! Na rasa inda zan sa fuskata. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Malam, sayayya ya je yi. Ya ce in faɗa maka yana nan tafe ran Jumma'a, shi zai ba da ruwa."

Ka ji. Matar Dikon, da furfurata, na zauna na shirga wa dattijo ƙarya a ƙofar gidana. Ba ka ce ba, ban ji daga bakinka ba, ko wayata ba ka ɗauka.

Ya yi murmushi ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ai na sani. Har na ce wa yara kada kowa ya je gonar, Ishaku zai zo."

Don haka jibi ba wanda zai je. Zai sa rigarsa ya tafi masallaci, dashen nan kuma ba zai kai Lahadi ba in bai sha ba. Na roƙi Ubangiji gafarar ƙaryar da na yi, amma kai kaɗai za ka iya mai da ita gaskiya.

Ubangiji ya kiyaye min kai a hanyar Kura da hanyar Legas, ya raba ka da mugun aboki da mugun direba, ya ba ka lafiya da zuciya mai taushi. Ya sa duk inda ka shiga a yi marmarin dawowarka. Ka gai da yayarka, ka ce ta daina rufa maka asiri.

Ruwa yana isowa kafin azahar.

Ni ce,
Mamarka